Siyesta Na Ce, Ba Siyasa Ba

Ku kwantar da hankalinku, jama'a, siyesta na ce, ba siyasa ba. Na ga wasu har sun gyara zama, wasu kuma sun fara waige-waige ko bango na da kunne. Yau ba ruwana da masu mulki. Barcin rana na zo karewa, kuma na san a cikinku akwai waɗanda da jin haka za su taɓe baki su ce ga wani rago ya samu alƙalami. To, ragon yana gaishe ku. Ku zauna mu yi ta, in dai ba hamma ta fara cin ƙarfinku ba.

Kalmar a yau ta Ingilishi ce, amma ba a gidansu aka haife ta ba. Sun aro ta daga Sifaniyawa tun ƙarni na 17, su kuma Sifaniyawa sun gaje ta daga Rumawan da, masu ƙirga sa'o'in yini daga fitowar rana. Sa'a ta shida, wadda suke ce wa sexta, ita ce ke faɗawa lokacin da rana ta take tsaka, mutum yana taka inuwarsa. Faransawa ma can suka ɗebo tasu, sieste, wadda duk wanda ya zauna bencin lakwal a Nijar ya san ta. Ma'anarta ba ta da wuya: ɗan kwanciyar da ake yi bayan abincin rana, sa'ad da zafi ya hana kowa motsi.

Abin dariya yana wajen yadda masu kalmar ke amfani da ita. Baturen Landan in ya ɗan runtsa a kujera bayan ya ci ya ƙoshi, ba zai ce ya yi siyesta ba, sai dai da wasa. Yana da nasa ƙananan sunaye, akwai nap, akwai wani mai nufin barcin mussa, akwai wani mai nufin ƙifta ido sau arba'in. Siyesta a bakinsa ta mutanen ƙasashen zafi ce, kuma in ka kasa kunne da kyau za ka ji ɗan raini a ƙarƙashinta. Har wani mawaƙinsu, Noël Coward, ya yi musu waƙar shaguɓe a 1931 kan yadda suke fita gantali da tsakar rana a ƙasashen da suka mallaka, alhali 'yan ƙasa duk sun shige inuwa. Amma ka ƙetare Ɗan Isa ka shiga Jibiya, ka nausa Katsina ko Zariya, sai ka tarar an naɗa wa kalmar rawani. A makarantun kwana na Najeriya siyesta doka ce, a rubuce take cikin jadawali bayan abincin rana, manyan ɗalibai na zagaya ɗakuna, yaron da aka kama ido biyu yana surutu ya sha hukunci. Har a sansanin masu yi wa ƙasa hidima, inda soja ke tada su da bigila tun duhu bai yaye ba, an ware mata lokacinta. Soja da kansa ya yarda jiki ba ƙarfe ba ne. Ku da ba ku taɓa yin fareti ba, ku ne za ku ja?

Malam, Allah ya gafarta, na ga ka ɗaga yatsa. Za ka ce mu ba mu gaji wannan ba, koyi da Nasara ne, kuma iyaye sun ce barcin rana na korar arziki. Da girmanka, Malam, kai ka karantar da mu ƙailula. Tun kafin wani Bature ya san hanyar Gulbin Maraɗi muke da ita, da sunanta da ladubbanta. Aya ta 58 a Suratun Nur ta ware lokuta uku da yaran gida ba sa faɗa wa manya ɗaki sai da izini, ɗayansu kuwa tsakar rana ne, lokacin da ake tuɓe riga a kishingiɗa. A cikin Buhari an ruwaito cewa sahabbai ran Juma'a sai bayan an sauko masallaci suke ƙailula su ci abinci, abin da ke nuna cewa ƙailular sananniya ce a wurinsu, lokacinta kawai ke gusawa. Malaman lugga ma sun ce ko ido bai rufe ba, in dai ka kwanta ka huta da tsakar rana, ka yi ƙailula. Wanda tsofaffi suka hana, barcin bayan asuba ne da na bayan la'asar. Kai ka haɗa su uku ka ɗaure da igiya ɗaya don ka samu na faɗa.

Mutanen Tibiri kuwa na san amsarsu tun kafin su buɗe baki: Bagobiri ba ya barci da rana, sai dai ya yi kwanton ɓauna. Mun ji, mun kuma yarda, jikokin Bawa. Sai dai kwanton ɓauna da munshari har maƙwabta na ji, wannan dabarar yaƙi a Tibiri kaɗai ake koyar da ita.

Duk wanda yake son ya yi gardamar nan da gaske, ya bar inuwar shagonsa ya gangaro Jiratawa cikin watan Afrilu. Ba nisa, daga Maraɗi ka yi kudu kamar za ka Madarunfa, kabu-kabu ma zai kai ka. A nan gandarin noman rani yake, wanda aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980 a fadamar gulbi, hekta 500 da 'yan kai, rijiyoyin burtsatse na turo ruwa da ƙarfin kuran, magudanan siminti na rarraba shi fage-fage, ƙungiyoyin manoma na riƙe da shi tare da hukumar ONAHA. A nan ake yanko tamakkar da kuke kwaɗawa da ƙuli-ƙuli, wadda Kanawa ke kira zogale, ga albasa, ga tumatir, ga tattasai. Da, damina ce ta aiki, rani na ci-rani ko na zaman kashe wando. Gandari ya share wannan. Manomin Jiratawa ba shi da watan hutu a shekara, yana cire wannan yana dasa wancan.

Ka tsaya ka kalli mai tamakka. Da sallame sallar asuba yana hanya, don ganyen ba ya son rana. In aka yanke shi da zafi aka danna a buhu, kafin ya isa kasuwar Maraɗi ya yi gumi ya fara ja da baya, mai saye ta ɗaga ta shinshina ta karya masa kuɗi. Saboda haka kafin ƙarfe tara ya gama yanka, an ɗaure, an aza a amalanke. Daga nan ya duƙa cire ciyawa a fagen albasa, ƙafa cikin laka, hauya a hannu, yana buɗe wa wannan fage ruwa yana toshe wancan da cusa ƙasa. Kafin rana ta take, ya yi awa shida a duƙe. Ku kuwa lokacin ne kuka gama shan shayi na biyu. Ƙarfe ɗaya ta yi, ƙasa ta ɗau zafin da ba a taka ta ba takalmi, ƙotar hauyar ma sai ka naɗe hannu da gefen riga. Zafin Maraɗi a Afrilu da Mayu wuce 40 yake yi kusan kullum. Mutumin nan ya yi azahar, ya sha hura, ya shimfiɗa buhu a gindin mangwaro ko dogon yaro, ya tada kai da takalminsa, ya rufe fuska da hula saboda ƙuda. Kafin la'asar ya miƙe, ya koma har magariba. In kuwa layin ruwansa ya faɗo da tsakar rana, ko kuran ya ɗauke da safe sai azahar ya dawo, to ranar ba ƙailula, haka zai tsaya a rana yana bin ruwa, don in ya wuce shi sai wani zagayen. Wannan shi ne ragon da kuke faɗa. Ku zo ku karɓi hauyarsa na yini ɗaya, mu ga wanda za a kwasa a amalanke tare da tamakka.

Yanzu na zo kanka, Alhaji. Kai ne mai cewa kasuwa ba ta barci, da sanyin safiya ake kama fara, kuma Maraɗi ba da kwanciya ta zama cibiyar kasuwancin Nijar ba. Gaskiya ne, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Amma farar nan da aka kama da sanyin safiya, ai ba a ce a ci gaba da bin ta har ƙarfe biyu ba. Kuma duk mai shiga babbar kasuwa ya san yadda shagonka yake bayan azahar. Yaron shago na zaune bakin ƙofa yana latsa waya. Ka tambaye shi Alhaji fa, ya ce Alhaji ya ɗan zaga. Ka leƙa bayan buhunan shinkafa, ga takalman Alhaji a jere, ga babbar riga a rataye jikin ƙusa, ga fanka na juyawa, ga wani sauti na fitowa wanda ba na fankar ba ne. Carbi na hannu kam, ba mu musa ba, sai dai tun ɗazu ƙwaya ɗaya yatsa ke riƙe da ita. In an tashe ka, ka ce lissafi kake yi. Mun yarda lissafi ne. Kawai ka bar yaron shagon ma ya yi nasa lissafin na minti ashirin in ka gama naka.

Sai 'yan boko, masu cewa ƙasashen da suka ci gaba ba sa barci da rana. Ku ne kuka fi ba ni dariya, don ku in abu bai zo da lambar waje ba, ba ku saye. To ga lambar. Wani malamin jami'ar Cornell a Amurka, James Maas, ya laƙaba wa ɗan gajeren barcin rana suna power nap, watau barcin ƙara ƙarfi, sai ga manyan kamfanoni irin su Google suna sayen kujeru na musamman don ma'aikata su kwanta a wurin aiki. Abin da kakanka ke yi a kan buzu kyauta, shi ake saye da dala, ta Amurka fa, ba tamu ba. A tsakiyar shekarun 1990 hukumar NASA ta gwada matuƙan jiragen sama masu dogon zango. An ba wasunsu damar kwanciya ta minti 40 a cikin tafiya, suka samu barcin kimanin minti 26, aka ga sun fi waɗanda ba su runtsa ba kaifin hankali da saurin amsawa, musamman wajen sauka, inda kuskure ba ya da gyara. A Girka kuma an bi mutane 23,681 na wajen shekara shida, aka buga sakamakon a 2007: masu ƙailula a kai a kai, mutuwa ta ciwon zuciya ta yi ƙasa a cikinsu da kashi 37 cikin ɗari. Kar ku ɗauka na ce barcin ne kaɗai ya yi maganin, mai samun sukunin kwanciya da rana wataƙila dama hankalinsa a kwance yake. Amma dai ba a ga ya kashe su ba.

Binciken da ya fi kama da mu a Indiya aka yi shi, a birnin Chennai, aka buga a 2021. Masana daga jami'o'in Amurka, har da MIT da Harvard, suka ɗauki talakawa 452 aiki na wata guda suna auna barcinsu. Mutanen na kwanciya wajen awa takwas da dare, amma barcin da suke samu bai wuce biyar da rabi ba, saboda zafi da sauro da hayaniya da cunkoso. Ku ce mini wannan ba labarin unguwanninmu ba ne a bazara. Wanda ya kwana a Maraɗi bayan Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023 ya san yadda ake raba dare ana fifita da murfin kwano. An raba wa mutanen Chennai katifa da fanka da abin toshe kunne, barcin darensu ya ƙaru da kusan rabin awa, amma ba a ga wani amfanin a zo a gani ba. Waɗanda aka ba rabin awa su kwanta da rana a wuri mai shiru kuwa, hankalinsu ya fi tattaruwa, ransu ya fi daɗi, aikinsu na kowace awa ya ɗan ƙaru. Ga kuma inda za ku samu abin kamawa, na ba ku kyauta: ƙarin bai kai ya biya rabin awar da aka kwanta ba, wanda ya zarce da aiki ya fi su kuɗi a ƙarshen yini. Alhaji, na ga ka yi murmushi. Yi abinka. Sai dai ka tuna aikin nasu na zaune ne a gaban kwamfuta, a inuwa. Ba wanda ya ba su hauya.

A inda rana ke dukan mutum kai tsaye, maganar ta wuce ta riba. 'Yan'uwanmu da suka je neman kuɗi ƙasashen Larabawa za su ba ku labari. A Daular Larabawa, can su Dubai, tun 2005 doka ta hana sa leburori aiki a rana da tsakar yini a watannin zafi, yanzu daga 12:30 zuwa 3:00, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, kamfanin da ya karya a ci shi tara. Saudiyya na da irin wannan doka. Su da suke gina benaye masu taɓa gajimare ba su ce lalaci ba ne. Mu kuwa zafin namu ba raguwa yake ba: a ranar 3 ga Afrilun 2024, cikin azumi, ma'auni ya kai 48.5 a Kayes ta Mali. Magini a Maraɗi da ke kwaɓa siminti ƙarfe biyu na rana a irin wannan yanayi, ba jarumta yake nunawa ba, ubangidansa ne bai da tausayi.

Ma'aikatan biro, ku ban san ko in tausaya muku ko in yi muku dariya ba. Da, sau biyu ake zuwa aiki a Nijar. A tashi da tsakar rana, kowa ya tafi gida ya ci tuwon matarsa ya miƙe baya, a dawo da yamma. Daga baya aka haɗe yinin, aka ce zirga-zirgar nan huɗu tana cin mai da lokaci. Sifaniya ma, uwar siyestar, ta gajarta wa ma'aikatan gwamnatinta dogon hutun rana a 2006, kuma a yau fiye da rabin mutanenta ba sa yin ta sam. To an soke ta a takarda. Jiki dai bai sa hannu ba. Likitocin barci sun daɗe da sanin cewa agogon jikin ɗan Adam na yin sanyi tsakanin ƙarfe ɗaya da uku na rana, ko ka ci tuwo ko ba ka ci ba, tuwon ƙara masa nauyi kawai yake. Shi ya sa in ka kai takarda biro ƙarfe biyu da rabi sai ka tarar da mushe ya tallabe haɓa yana kallon fayil ɗaya, idanu sun yi ja, kai na sauka a hankali yana fizgo shi. Angajen da ake yi a zaune da sunan aiki, ni a ganina gara a kwanta a yi shi da gaskiya a tashi.

Kar 'yan fada su yi tafi tukuna, ban zo ba ku lasisi ba. Ku da kuke raba dare kuna dafa shayi kuna karta har ƙarfe uku, ku tashi da hantsi, ku sake kwanciya bayan azahar sai kiran magariba, naku ba ƙailula ba ne, bashin dare kuke biya, kuma da shi kuke ɓata wa masu gaskiya suna. Ƙailula gajera ce. Minti ashirin, in ta yi yawa talatin. In ka wuce haka ka nutse cikin barci mai nauyi, ka tashi da magagi, baki ba daɗi, kana tambayar ko an yi asuba, dare kuma ya zo ido ya bushe. Wanda kuma ya ga kullum sai ya yi awa biyu da rana duk da ya kwana lafiya, ga munshari mai sarƙewa, ko ga ƙishirwa da yawan fitsari, wannan ya bar gardama da ni ya je likita a auna shi.

Akwai waɗanda tun ɗazu ba su ce uffan ba, don ba su da lokacin zama a yi gardamar. Inna, sannu da aiki. Ita ta riga mai tamakka tashi, don ita ta hura wutar kunun da ya sha. Ita ta surfa geron, ta daka, ta dama hurar da ya sha kafin ya rufe fuska da hula. Lokacin da maigida ke gindin mangwaro, ita tana gindin murhu tana dafa ganyen da za a shanya ko a kai talla, goyo a baya, wani na jan zane. Da damina in an tashi daga gandu, sauran yinin na gamanarta ne. In ma ta samu ta jingina da bango bayan azahar, za ka ga faifai a cinyarta tana tsince wake, ko tana yi wa 'yarta kitso, hutun jaki da kaya a ka. Mu maza mun iya kawo aya da hadisi da NASA don kare tabarmarmu, amma ban taɓa jin wanda ya ce ayar maza kaɗai ta ambata ba. A nan kam masu shakka da masu ƙailula duk jirgi ɗaya ya kwaso mu, har da mai rubutun nan.

Saboda haka, maigida, gobe in ka yi minti ashirin ɗinka ka tashi, karɓi yaron nan ka fita da shi zaure, ka kori masu sallama, ka bar uwarsa ta rufe ƙofa ita ma ta yi nata. Ku kuma masu sauran gardama, ƙofata a buɗe take, ku zo da hujjojinku. Amma ku bari sai bayan la'asar.